Abin da Hajiya ta gani a wayar ɗanta: amsar likita ga wata uwa daga Daura

Wata baiwar Allah ta rubuto mini daga Daura, ta roƙe ni kada in ambaci sunanta ko unguwarsu, kuma ba zan ambata ba. Ga taƙaicen maganarta. Ɗanta mai shekara 16, ɗan aji biyar a sakandare, ya jona wayarsa caji a ɗakinta ya tafi masallaci. Saƙo ya shigo, ta ɗauka ta duba, sai ta tarar yana hira da Turanci a wani dandalin Amurka da aka buɗe don matasa masu sha'awar jinsinsu, har ya cika wasu tambayoyi da aka ce na bincike ne. Mahaifinsa bai sani ba. Yayanta kaɗai ta faɗa wa, shi kuma ya ce a kai yaron gidan mari tun kafin abin ya yi nisa. Ta kuma ji ana cewa gwamnatin Trump ta rufe irin waɗannan wurare saboda suna lalata yara. Tambayarta: su waye waɗannan mutane, da gaske ne su suke juya yara, kuma me za ta yi?

Hajiya, Allah ya sanyaya miki rai, ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya kafin ki ɗaga murya. Ni likitan ƙwaƙwalwa ne, a nan Katsina nake ganin marasa lafiya, da yawansu matasa. Ba malamin fiƙihu ba ne ni, don haka kada ki jira fatawa daga bakina. Hukuncin luwaɗi a Musulunci kin san shi, na san shi, yaronki ma ya san shi, ƙila ma sanin da ya yi masa ne yake hana shi barci. Abin da ke hannuna shi ne in faɗa miki abin da ake jayayya a kai can Amurka, da abin da binciken ya nuna, da abin da idona ya gani a asibiti.

Mafi shahara cikin waɗannan ƙungiyoyi ita ce Trevor Project, wadda aka kafa a Amurka a 1998. Asalin aikinta layin waya ne da matashi zai kira in ya ji yana neman hallaka kansa. Daga baya suka ƙara hira ta rubutu, da wani dandali mai suna TrevorSpace na 'yan shekara 13 zuwa 24. Layin gaggawar ba a yi shi don Najeriya ba, amma dandalin a buɗe yake ga duk mai data a ko'ina yake a duniya, ta haka yaron Daura yake tsintar kansa a ciki. Ba zan ɓoye miki ba, ba 'yan ba-ruwanmu ba ne. Suna da matsayarsu, cewa babu aibu a cikin wannan sha'awa, yaro ya karɓi kansa yadda yake. Wannan ta ci karo da abin da kika tarbiyyantar da shi a kai, kuma damuwarki a nan tana kan hanya. Sai dai aikin da suka fi yi a kullum shi ne lallashin yaran da suka kai bakin rijiya su ja da baya, kuma duk wanda ya ce ba sa yin wannan bai yi musu adalci ba.

Maganar rufewa kuwa, an ba ki rabin labari ne. A watan Yulin 2022 Amurka ta buɗe lamba 988, wadda kowa zai kira in tunanin kashe kai ya taso masa. Abin mamaki, Trump da kansa ya sa hannu a dokar da ta samar da lambar, a 2020, lokacin mulkinsa na farko. Bayan buɗewa aka ƙara wani zaɓi: in matashi ya danna 3, sai a haɗa shi da wanda aka horar musamman don irin waɗannan yara, kuma Trevor Project na cikin ƙungiyoyin da aka ba wannan aiki. An yi amfani da zaɓin fiye da sau miliyan ɗaya. Ranar 17 ga Yulin 2025 gwamnati ta soke shi. Hujjarta ita ce babu dalilin ware wasu, kowa ya kira layi ɗaya, wasu jami'anta kuma suka yi zargin ana cusa wa yara aƙidar sauya jinsi ba da sanin iyayensu ba. Ƙungiyoyin likitoci da 'yan majalisa, har da wasu na jam'iyyar Trump ɗin, suka ce an janye igiya ne alhali mutum yana cikin rijiya. Ita ƙungiyar ba a rufe ta ba, kuɗin gwamnati na wancan aiki aka yanke, tana nan tana tafiya da gudummawar jama'a. A farkon shekarar ma an sauke wasu alƙaluman lafiyar matasa daga shafukan CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, har sai da alƙali ya ba da umarnin a mayar, aka kuma soke tallafin ɗaruruwan bincike da suka shafi wannan fanni. Saboda haka rufewar hukunci ne na siyasa, ba wani sabon bincike ne ya fito ya tabbatar da cutarwa ba. Gwamnati ta canja, manufa ta canja, kamar dai yadda muka saba gani a nan.

Kada kuma ki ɗauka iyaye masu ƙorafi a can duk 'yan siyasa ne. A jihar Maryland, iyaye Musulmi da Kirista sun haɗu sun kai hukumar makarantu ƙara a kan hana su janye 'ya'yansu ƙanana daga darussan da ake karanta littattafan da ke ɗauke da wannan batu, kuma a watan Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya. Tambayar wa ke da ikon magana da yaro a kan wannan, iyaye ko baƙo, tana da rai a can kamar yadda take da rai a ɗakinki.

Yanzu ga binciken, a nan nake so ki ba ni hankalinki. Tun 1991 hukumar CDC take bin makarantun sakandare duk bayan shekara biyu tana yi wa ɗalibai tambayoyi a kan shan ƙwaya, faɗa, barci, damuwa da sauransu. Ba masu sha'awa ake nema su zo ba, zaɓo makarantu da azuzuwa ake yi ta yadda za su wakilci ƙasar baki ɗaya, shi ya sa masana ke girmama alƙaluman. A zagayen 2023, cikin ɗaliban da suka ce suna cikin rukunin LGBTQ, wato masu sha'awar jinsinsu da masu sauya jinsi da makamantansu, kusan 20 cikin 100 sun ce sun yi yunƙurin kashe kansu a shekarar da ta gabata. A sauran ɗalibai, 6 ne cikin 100. Wannan giɓi ba a musu a kansa, kowane ɓangare ya yarda akwai shi. Musun yana kan dalili. Wasu sun ce tsangwama da kora da zagi ne. Wasu sun ce yaran da ma suna ɗauke da wasu matsalolin damuwa. A ganina kowa ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma akwai abu ɗaya da ya yi ta maimaituwa har ya wuce a kawar da kai.

A 2009 wata mai bincike a Kalifoniya, Caitlin Ryan, ta fitar da sakamakon aikin da ta yi da matasa 224 'yan shekara 21 zuwa 25. Ta tambaye su yadda gidajensu suka yi da su lokacin da abin ya bayyana suna yara. Waɗanda aka yi wa duka, ko zagi, ko kora, ko aka ware su daga harkokin dangi, yunƙurin kashe kai a cikinsu ya ninka na waɗanda ba a yi wa haka ba fiye da sau 8. Ciwon damuwa mai tsanani ya kusa ninkawa sau 6, shan miyagun ƙwayoyi fiye da sau 3. Binciken yana da rauninsa: mutanen kaɗan ne, kuma tuna baya suka yi, ɗan'adam kuwa yakan tuna abu yadda zuciyarsa ta ji shi. Amma an sake samun irin wannan sakamako a wasu wurare. Abin da ya sa na kawo miki shi musamman, ita wannan mata ta yi aiki da gidaje masu riƙo da addini sosai, kuma ba ta ce musu su sauya aƙida ba. Cewa ta yi su rage duka da wulaƙanci, su ci gaba da cin abinci tare da yaron. Ko wannan kaɗai ya rage hatsari. Alƙaluman Amurka ne, ba na Katsina ba, ba zan ɗauko su in ɗora wa yaranmu kamar hula ba. Amma zuciyar yaron da uwarsa ta juya masa baya iri ɗaya ce a ko'ina.

Su kuwa alƙaluman da Trevor Project ke fitarwa duk shekara, ina karanta su da ido ɗaya a buɗe. Ta tallace-tallace a kafofin sada zumunta suke samo masu amsawa, wanda ya ga dama shi ke shiga, kuma sau da yawa wanda abin ya fi ci wa rai shi ya fi saurin amsawa. Dubban mutane ne, amma yawa daban, wakilci daban. Masu sukarsu a wannan wuri suna da hujja.

Inda rigimar ta fi zafi shi ne yi wa yaro tambayoyi ba da izinin iyaye ba. Dokar bincike a Amurka ta yarda kwamitin ɗa'a ya ɗauke sharaɗin neman izinin iyaye idan neman izinin ne zai jefa yaron cikin hatsari. Masu binciken suka ce, in an tilasta sai uba ya sa hannu, to yaran da suka fi shiga uku su ne ba za a taɓa jin muryarsu ba. Iyaye suka ce, wa ya ba ku ikon zagaye mu? Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan tsoro ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Raɗaɗin wannan yana cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Amma a yi adalci, ba wa yaro magani daban, yi masa tambaya a rubuce ba tare da ɗaukar sunansa ba daban. Na farko ba na yarda a yi shi a bayan idon iyaye ko da wane dalili. Na biyu ina fahimtar uzurinsu a ƙasarsu.

A ƙasarmu kuwa lissafin ya sha bamban, kuma wannan shi ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Babban binciken shekara-shekara na Trevor Project na matasan Amurka ne. To wace takarda yaron Daura ya cika, kuma wa ya aiko masa? Ko dalibin jami'a ne na gaskiya, ko ɗan damfara ne ya yi shigar mai bincike? Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora neman izinin iyaye kafin a tattara bayanan yaro. Ga kuma dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi da shekara 10 ga shiga ko tallafa wa ƙungiyoyinsu, ga dokokin shari'a na jiharmu a gefe. Yaron da ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da garinsu a irin wannan takarda ya miƙa wuyansa ga wanda bai sani ba. Idan kun zauna, wannan na cikin abin da za ki tambaye shi a hankali: ya ba da suna, ya ba da lamba, ya tura hoto?

Shin su ke juya yara? Amsar da zan iya tsayawa a kanta ita ce, dandali ba ya dasa wa mutum sha'awar da ba ya da ita. Yawanci yaro ne yake fara jin wani abu da ya firgita shi, ya rasa wanda zai faɗa wa, sai ya rubuta tambayarsa a waya da tsakar dare, wayar ta kai shi can. Abin da dandali yake yi shi ne ya ba shi suna, da ƙungiya, da labarin da zai fassara kansa da shi, kuma wannan ba ƙaramin tasiri ba ne ga mai shekara 16. A Amurka kamfanin Gallup, mai binciken jin ra'ayin jama'a, ya nuna manyan da ke kiran kansu LGBTQ sun tashi daga kashi 3.5 cikin 100 a 2012 zuwa sama da kashi 9 a 2024, mafi yawan ƙarin a cikin matasa. Wasu sun ce tsoro ne ya ragu, wasu sun ce yayi ne. Wani babban bincike na ƙwayoyin gado a 2019, da ya duba mutane kusan rabin miliyan, bai samu wata ƙwaya guda da za a ce ita ce sanadi ba, ya samu gado yana da ɗan hannu, sauran kuma abubuwa ne masu yawa a cakuɗe. Na ga yaran da ruɗanin balaga ne kawai, musamman 'yan makarantar kwana, bayan shekara biyu suka manta da zancen. Na kuma ga waɗanda abin ya zauna musu har girma. Ranar farko babu likitan da zai rantse miki wane ne ɗanki a ciki, shi kansa ma bai isa ya rantse ba. Kada ki riga shi laƙaba masa suna.

Batun sauya jinsi da magunguna, wanda ya fi cika labaran Turai, wani fage ne daban. A Ingila rahoton Dakta Hilary Cass na 2024 ya ce hujjar ba yara maganin dakatar da balaga ba ta da ƙarfi, aka taƙaita shi. Ban ga alamar wannan a abin da kika rubuto ba, don haka na wuce.

Akwai wata tambaya da ta fi duk waɗannan gaggawa. A bakinmu kalmar luwaɗi tana ɗaukar abu biyu da bai kamata a haɗa ba: sha'awar da mutum yake ji a ransa, da fyaɗen da babba yake yi wa yaro. Yara da yawa da aka kawo mini a kan an ga abu a wayarsu, da muka zauna sai ta bayyana wani babba ne ya daɗe yana cin zarafinsu, wani lokaci na cikin gida, wani lokaci mai shago, wani lokaci babban ɗalibi. Yaron ya shiga intanet ne yana neman sanin ko abin da aka yi masa ya mayar da shi wani abu. In haka ne, ɗanki wanda aka zalunta ne, magani da kariya yake bukata, gwajin cututtuka kuma ya zama dole.

Hatsari na biyu shi ne abin da 'yan Kudu ke kira kito. Mutum zai yi shigar aboki a Facebook ko WhatsApp, ya yi ta jan yaro da hira har ya samu hoto ko ya ja shi wani ɗaki, sai a rufe shi da duka, a ɗauki bidiyo, a ce ko kuɗi ko a tura wa babanka da limamin unguwa. Wanda aka yi wa ba ya iya kai ƙara, don yana tsoron shi za a fara kamawa. Wannan ya fi kusa da ƙofar gidanki nesa ba kusa ba a kan wata ƙungiya da ke Amurka. In kin ga kuɗi na ɓacewa a gida, ko yaron yana firgita duk sa'ar da waya ta yi ƙara, ki tuna da wannan.

Shawarar yayanki kuwa, da girmamawa, kada ki karɓa. Ke 'yar Daura ce, ba sai na tuna miki watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a garinku suka fito da mutum 67, manya da yara, da sarƙa a ƙafafunsu, makonni kaɗan bayan an fito da ɗaruruwa daga wani a Rigasa ta Kaduna. Cikin abin da waɗanda aka ceto suka ba da labari har da lalata da aka yi da su a can ciki. Iyayensu gyara suka je nema. An guje wa gara an faɗa gidan zago. Ban da wannan ma, duka da horo ba sa sauya sha'awa. Turawa sun gwada na shekaru, da wutar lantarki, da magani mai sa amai, da zaman nasiha. Babbar ƙungiyar Kirista da ta yi suna a wannan aiki a Amurka, Exodus International, ta rufe kanta a 2013, shugabanta ya nemi gafarar waɗanda suka cutu. Likitan da ya wallafa binciken da aka fi kafa hujja da shi cewa ana iya sauyawa, Robert Spitzer, ya janye shi ya ba da haƙuri a 2012. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan sha'awa daga jerin cututtuka tun 1990, don haka duk wanda ya ce miki yana da allura ko ƙwayar da ke warkar da ita, kuɗinki yake so. Addu'a da nasihar malami mai hankali, mai riƙe sirri, ban hana ba, ni ma ina yi wa nawa. Abin da mutum zai aikata da abin da zai kame daga gare shi yana da zaɓi a kai, kuma a nan tarbiyya take aiki. Amma sarƙa da bulala ba addu'a ba ne. Masu cewa a yi masa aure da wuri ya huce kuwa, su tuna 'yar da za a aura masa ita ma 'yar wasu ce.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. An kawo shi asibiti cikin dare, sa'an ɗanki, bayan kawunsa ya karɓe wayarsa ya tara maza a zaure ya karanta saƙonnin da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ƙannensa na leƙe ta bayan labule. Allah ya yi da sauran kwanansa. Mahaifinsa, wani dattijo mai sayar da hatsi, ya shimfiɗa tabarma a barandar ɗakin ya kwana biyu bai shiga ba, bai kuma tafi gida ba. In na wuce sai ya miƙe ya gaishe ni ya koma ya zauna. A rana ta uku na gan shi ya shiga da kwanon fura a hannu, ya ajiye a kan lokar gefen gado, ya gyara ludayin, ya ce, "Ka sha, ta yi sanyi." Iyakar abin da ya ce ke nan. Yaron ya juya fuska bango yana kuka, amma ya sha. Dattijon nan bai sauya ra'ayinsa a kan komai ba, har yau. Yaron yana raye, ya gama karatu.

Saboda haka kafin ki yi masa magana, ki zagaya gida ki kawar da fiya-fiya, da maganin ɓera, da maganin feshin gona, da tarin ƙwayoyin asibiti, ki sa su inda ke kaɗai ke da makulli. Yawancin yunƙurin matasa na ɗan lokaci ne, in abin bai kusa da hannu ba sai zafin ya wuce. Kada ki kai wayar wurin masu gyara a cire miki makulli, nan asiri yake fara tonuwa. Ki koma wurin yayanki ki roƙe shi ya riƙe bakinsa, ki tuna masa hadisin da ya ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Magana in ta fita unguwa ba ta dawowa, kuma mun sha ganin yadda taron jama'a yake yanke hukunci kafin alƙali ya zauna.

Sannan ki nemi lokacin da gida ya yi shiru, ba a gaban ƙannensa ba. Ki faɗa masa gaskiya, cewa kin ga wayar, kada ki yi masa tarko da tambayoyin da kin riga kin san amsarsu. Ki fara da abin da ya fi tsoron rasawa: ni na haife ka, nan gidanku ne, babu inda za ka. Ki tambaye shi ko wani ya taɓa shi, ko wani yana yi masa barazana. Ki kuma tambaye shi kai tsaye, da kalmomin, ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Iyaye suna tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar tuna masa za su yi, amma bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi ma take kawowa. In ya ce e, ko ya yi shiru mai tsawo, ko kin lura ya daina cin abinci, yana rabar da kayansa, yana yawan neman gafara ba dalili, to kada ya kwana shi kaɗai, kuma washegari ku je babban asibiti ku nemi ɓangaren ƙwaƙwalwa. Ba sai kin yi wa mai yankar kati bayani ba, ki ce damuwa da rashin barci. Sauran zancen tsakaninsa da likita ne, kuma riƙe sirrin mara lafiya wajibi ne a kanmu. Na san wasu gidaje suna jinkirin kawo yaro don sun ji yunƙurin kashe kai laifi ne a dokar ƙasa. Mu a asibiti rai muke ceto, kada wannan ya tsayar da ke ko na minti ɗaya.

Wayar fa? Ƙwacewa da ƙarfi ba ta cika aiki ba, zai ari ta aboki, kuma kin rufe ƙofar da kike ganinsa ta ciki. Ku yi yarjejeniya: ba tura hoto, ba ba da suna ko lamba, ba zuwa haɗuwa da wanda aka sani a waya, kuma waya ta kwana a ɗakinki. Wannan ƙa'ida ce da ta dace da kowane ɗan shekara 16, har 'yan matanki. Ki faɗa masa abin da kika yi imani da shi, haƙƙinki ne, kuma yana bukatar ya ji daga bakinki ba tare da tsinuwa ba. Abin da na lura shi ne, yaron da ya samu mai saurarensa a gida da kansa yake rage zaman dandali, don da ma kunne ya je nema.

Saura Alhaji. Ke kika san mijinki, ni ban san shi ba. In mai haƙuri ne, yana da haƙƙin sani, kuma nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. In mai zafin hannu ne, ki jinkirta har ki ji daga bakin yaron, ki san ainihin abin da ke ƙasa, sannan ki zaɓi wanda zai zauna tare da ku ranar, wanda Alhaji yake jin nauyinsa kuma bakinsa yake da murfi. Ki sanar da yaron kafin ki faɗa, kada ya ji daga sama. Ranar da za ki zauna da shi ɗin ma, mai yiwuwa ba zai ce miki komai ba, zai sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Kada ki matsa. Ki zuba masa tuwonsa kamar kullum, ki ce masa gobe ma kina nan.